Taron Asabar a Bayan Tasha

Mu bakwai ne yau a Tawa,
Kadiri babur ya ƙi masa tashi a Kalfu.
Tabarma biyu, buta ɗaya kan gawayi,
littafin rahoto bisa cinyata,
ni ke riƙe da biro tun da Illa ya koma Agadas.

Farko kuɗi: dala ɗari kowane kai.
Batir ya yi tsada, igiya ta tsufa,
ta fara fitar da gashi a gaba na tara.
Agali ya ce a yanke wurin a ƙulla.
Zuwera ta ce, to, kai za ka fara rataya.
Aka yi dariya. Na rubuta: sabuwa.

Sai labari.
Kogon nan na Tudun Rema
da muka ce ya ƙare a ɗakin jemagu,
ashe bai ƙare ba.
Zuwera ta ji iska na lasar kunnenta,
ta kwanta rub da ciki ta bi ta,
kamu goma sha ɗaya, dutse na ƙirga mata haƙarƙari,
ta ɓulla wani zaure
da hasken tocila ya kasa taɓa rufinsa.
Ta dawo da ƙayar beguwa maƙale a ɗankwali
da tsingaron tukunya mai zanen igiya a wuya.
Ya zaga hannu hannu, kowa ya shinshina.
Muka yanke: a mayar da shi inda ya kwana,
ba mu muka ajiye ba.

Mai gyaran taya ya leƙo ta kan danga:
yau kam an samu zinariyar?
Ramin yana jiranku, bayin Allah,
mene ne na gaggawa?
Muka ba shi shayi na biyu, ya tafi yana kaɗa kai.

Duk wannan Malam Nomau bai tanka ba.
Shi ya fara koya mana rarrafe
tun zamanin fitilar ƙwai da zaren buhu,
shi ya ce kogo ba a shigarsa da fushi,
ba a shigarsa ba a faɗa wa na gida ba.
Bara yana ta rufe masa ido,
jikansa ke jan sandarsa zuwa nan.
Shayinsa ya huce a hannu.

Ya ce, Zuwera,
bayan matsin, ta hannun hagu,
akwai dutse mai santsi kamar goshin jinjiri?
Ta ajiye kofi. Ta ce akwai.
Ya ce, can na tsaya,
shekarar da gulbi ya cinye gonar albasarmu.
Fitila ta mutu, na juyo da baya,
kunya ta hana ni faɗa.
Ku kai ni.

Gawayi ya yi ƙara. Wata mota ta kira Kaita, Kaita.
Agali ya soshi gemu,
ya ce, Baba, sai dai idanun nan...

Ya ce, a can ciki wa ke da ido?
Kashe tocilarka ka nuna min tafinka.
Ku baƙi ne a duhu, kuna shiga da guzurin haske,
ni gidana ne yanzu.
Gwiwata ta san wurin, kafaɗata ta san shi,
ku dai ku riƙe min igiya.

Ba a ɗaga hannu ba, ba a ƙirga ba.
Habsu ta zare hular kwanonta daga jaka
ta gwada masa, ta matse maɗauri a haɓa.
Ta zauna daidai.

Na rubuta:
Asabar ta sama, bayan asuba, bakin tasha.
A gaya wa Kadiri ya wanke fulogi.
Ruwa, dabino, sabuwar igiya, tsingaro.
Hular kwano takwas.
Tocila bakwai.

Na sake duba lissafin kafin in rufe.
Babu kuskure.